Sabar da kake biya wa haya duk shekara, ka san shekarunta kuwa?

Wata ranar Laraba bayan la'asar wani dattijo, abokin mahaifina, ya kira ni. Yana da makaranta a wajejen Agege, boko da safe, Islamiyya da yamma. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Ɗana, mutanen nan na intanet sun turo min takarda da Turanci. Wai ko in ƙara kuɗi ko su cire hannunsu. To ba mun biya na shekara ba?" Na ce, "Baba, turo min in gani."

Da na karanta sai na ga ba maganar kuɗin haya ba ce. Kamfanin da makarantar ke hayar saba a wurinsa ne yake sanar da shi cewa babbar manhajar da ke kan sabar tasa wa'adinta ya ƙare, masu ita sun daina yi mata gyara, duk abin da ya biyo baya shi ya sani. A kan sabar nan kuwa ake ajiye sunayen yara, sakamakon jarrabawarsu, lambobin wayar iyaye da lissafin wanda ya biya kuɗin makaranta da wanda ake bi. Yaron da ya haɗa masa abin ya gama bautar ƙasa tuntuni, ya koma Arewa, lambarsa ma ba ta shiga. Na ce, "Baba, wace manhaja ce a kai?" Ya ce, "Wace iri kuma? Ai kwamfuta ce."

Ban yi masa dariya ba, don na san ba shi kaɗai ba ne. Daga Idi-Araba zuwa Sabon Ibadan, daga Ama Hausa na Owerri zuwa Fatakwal, mutanenmu da yawa yanzu suna da shafin intanet ko wata kwamfuta da ke riƙe musu lissafi: 'yan canji, masu ofishin lodin kaya, masu kantin magani, ƙungiyoyin kasuwa, makarantu. Kusan kullum wani ne ya haɗa, aka biya shi, ya tafi. Mai abin bai san komai a kai ba sai ranar biyan kuɗi. Alhali tambaya ɗaya ce tak, wadda amsarta ba ta kai minti biyu ba, za ta gaya maka ko kana zaune lafiya ko ƙofarka a buɗe take kwana.

Saba dai kwamfuta ce da ba ta barci, aikinta ta amsa wa wasu kwamfutoci da wayoyi. Idan uwar yaro ta buɗe shafin makaranta a wayarta don duba sakamako, sabar ce ke miƙo mata. Kamar yadda wayarka ke tafiya a kan Android ko iOS, ita ma sabar tana da babbar manhajar da komai ke hawa kanta. Galibi ɗaya daga biyu ce: Windows Server ta kamfanin Microsoft, ko kuma Linux. Ita Linux ba guda ɗaya ba ce, dangi ne babba: Ubuntu, Debian, CentOS, AlmaLinux, Rocky Linux, Red Hat da sauransu. Kowace kuma tana da lamba. Lambar nan ita ce abin nema, domin ita ce ke gaya maka ranar da masu manhajar za su daina kula da ita.

Ka ɗauke ta kamar kwanan watan da ke jikin kwalin magani, sai dai da bambanci ɗaya mai muhimmanci. Manhaja ba ta ruɓewa. Ranar da wa'adinta ya cika ba abin da zai canja a allo, shafi zai ci gaba da buɗewa, lissafi zai ci gaba da fita daidai. Abin da ya tsaya shi ne faci. Kusan kowane mako masu bincike suna gano wata kafa a cikin manhajoji wadda ɓarawo zai iya bi ya shiga, masu manhajar kuma su fitar da facin da zai toshe ta. Idan wa'adi ya ƙare, za a ci gaba da gano kafofin, a ci gaba da wallafa su kowa ya karanta, amma ba mai aiko maka da faci. Masu kutse kuma ba sa zama su zaɓi mutum don girmansa. Suna da na'urorin da ke zagaye intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Ba ruwansu da cewa kai ƙaramar makaranta ce a lungun Agege.

Wanda ke ganin wannan tsoratarwa ce kawai ya tuna watan Mayun 2017, lokacin da cutar kwamfutar nan WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150 cikin 'yan kwanaki. Tana kulle fayilolin mutum ta ce sai ya biya dala 300 da bitcoin. A Ingila har asibitoci sai da suka soke ganin marasa lafiya. Abin takaicin shi ne Microsoft ta riga ta fitar da facin wannan kafa tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda abin ya ci, ko dai ba su sa facin ba, ko kuma suna kan tsohuwar Windows da aka daina yi wa faci.

Kafin ka taɓa komai, ka fara sanin wace irin saba gare ka

Iri uku na fi gani a wajen mutanenmu. Akwai kwamfutar da ke ofis, ƙarƙashin tebur ko cikin wani ɗan ɗaki mai fanka, wadda sauran kwamfutocin ke jona. Akwai wadda ake haya sukutum a wajen wani kamfani, a ba ka makulli ka yi yadda ka so da ita, wadda masu aikin ke ce wa VPS. Sai kuma ta uku mai araha, inda kai ɗaki ɗaya ka kama a cikin gidan haya mai ɗakuna jere, kai da wasu ɗaruruwa kuna kan saba ɗaya.

Ta ukun nan ba ta da dogon bayani. Idan ana shiga shafinka ta wani allo mai suna cPanel, akwai wurin da aka rubuta Server Information, amma yawanci abin da zai nuna maka bai wuce kalmar linux da wasu 'yan lambobi ba. Kada ka wahalar da kanka. Gyaran rufin gida aikin mai gida ne, ba na ɗan haya ba. Ka rubuta wa kamfanin ka tambaye su sunan manhajar da lambarta da ranar ƙarewar wa'adinta, su ba ka amsa a rubuce. Kamfanin da ya kasa amsa wannan, ka fara neman wani.

Ta biyun ce ta fi cin mutane, kuma ita ce ta Baba. Mutum ya ga yana biyan kuɗi duk shekara sai ya ɗauka kamfanin ne ke kula da komai. A mafi yawan irin wannan haya kamfanin wuta da intanet da na'ura kawai yake ba ka. Abin da ke cikin ɗakin naka ne.

Idan Linux ce

Ana shiga irin wannan saba ne ta wata hanya da ake kira SSH, da sunan mai shiga da kalmar sirri. Abin da zai buɗe baƙin allo ne mai jiran rubutu, ba hoto ba komai. Kada ya ba ka tsoro. Idan ba ka iya shiga da kanka ba, ka zauna kusa da wanda ya iya, ka sa shi ya rubuta a gabanka:

cat /etc/os-release

Wannan umarni karanta fayil kawai yake yi, ba ya canja komai, ba ya goge komai. Zai fito da layuka kamar goma. Ka nemi wanda ya fara da PRETTY_NAME, a gabansa za ka ga abu kamar Ubuntu 22.04.4 LTS, ko Debian GNU/Linux 12, ko CentOS Linux 7. Shi ke nan, ka sami amsarka. Ka ɗauki hoton allon da wayarka.

Akwai wasu umarnin da ke ba da kusan amsa ɗaya. hostnamectl yana nuna sunan manhajar tare da wasu bayanai game da na'urar. lsb_release -a ma yana yi, amma ba kowace saba ke da shi ba, don haka idan ya ce bai san umarnin ba, ba matsala ba ce. A dangin Red Hat, wato CentOS da AlmaLinux da Rocky, wannan ya fi ba da cikakkiyar lamba:

cat /etc/redhat-release

A Debian kuma akwai cat /etc/debian_version. Idan kuwa ka rubuta umarnin farko allon ya ce babu fayil ɗin sam, to wannan kansa amsa ce. An fara amfani da fayil ɗin os-release wajen 2012, saba da ba ta da shi tsohuwa ce tukuf, irin su CentOS 6 da aka rufe littafinta tun Nuwamban 2020.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya a saurara, domin nan ne har masu gyaran kwamfuta ke yin tuntuɓe. Ka tambayi yara da yawa yadda ake duba lambar Linux, sai su ce maka uname -a ko uname -r. Umarnin gaskiya ne, amma ba tambayarka yake amsawa ba. Abin da yake nunawa lambar kanel ce, wato zuciyar manhajar, ɓangaren da ke magana da ƙarfen na'urar kai tsaye. Kamar ka tambayi mutum wace mota ce wannan, ƙirar wace shekara, ya karanto maka lambar inji. Za ka ga abu kamar 5.15.0 ko 3.10.0, wanda ba lambar Ubuntu ba ce, ba ta CentOS ba ce. Wanda ya saba zai iya yin hasashe: 3.10.0 mai ɗauke da el7 a wutsiya ta CentOS 7 ce ko Red Hat 7, 5.4 ta zo da Ubuntu 20.04, 5.15 da 22.04, 6.8 da 24.04, 6.1 da Debian 12. Amma hasashe ne. Ana iya ɗora sabuwar kanel a kan tsohuwar manhaja, Ubuntu ma da kanta tana ba da wannan dama. Sai ka ga lamba sabuwa fil ka kwanta da daɗi, alhali duk sauran jikin motar ya tsufa.

Kuskuren yana zuwa ta ɗaya gefen ma. Red Hat da 'yan'uwanta suna da al'adar barin lambar kanel yadda take shekara da shekaru, suna ɗauko sababbin faci suna liƙa wa tsohuwar. Shi ya sa CentOS 7 ta yi shekara goma cur a kan 3.10.0, kuma a duk tsawon lokacin lafiyarta ƙalau. Na taɓa ganin wanda aka karɓi kuɗinsa don a "sabunta" sabar da ba abin da ya same ta, kawai don an nuna masa lambar kanel an ce duba yadda ta tsufa. Tsufan lambar kanel ba hujja ba ce, sabuntarta ma ba hujja ba ce. Sunan manhaja da lambarta, su za ka riƙe.

Ƙarin abu ɗaya ga wanda aka haɗa wa shafi da Docker, wata dabara ta sa kowace manhaja a cikin akwatinta a kan saba ɗaya. Idan a cikin akwatin aka rubuta umarnin, os-release zai nuna manhajar akwatin, uname kuma ya nuna kanel ta sabar da ke ɗauke da shi. Sai ka ga ɗaya ya ce Debian ɗayan yana nuna alamar Ubuntu, dukansu kuma gaskiya suka faɗa. Ka ce wa mai aikinka ya duba ciki da waje.

Karanta lambar

Ubuntu ta fi kowa sauƙi, don lambarta kwanan wata ce. 22.04 na nufin shekarar 2022, wata na huɗu. Duk shekara biyu, a watan Afrilu na shekara mai lamba cika, kamfanin Canonical yana fitar da wadda ake sa wa LTS, mai wa'adin shekara biyar kyauta. Lissafin ba wuya: 18.04 ta ƙare a 2023, 20.04 a Mayun 2025, 22.04 za ta kai 2027, 24.04 kuma 2029. Akwai wani tsari mai suna Ubuntu Pro da ke ƙara wa'adin ya kai shekara goma, amma sai an yi rajista an kunna shi, ba ya zuwa da kansa. Idan kuwa ba ka ga LTS a jikin sunan ba, misali 23.10, wa'adin irin waɗannan wata tara ne kacal. Ba a gina kasuwanci a kansu, kuma wanda ya ɗora maka ita bai kyauta maka ba.

Debian tana tafiya da lamba da kuma laƙabi, laƙaban duk daga fim ɗin yara na Toy Story aka ɗauko su. Buster ita ce 10, wa'adinta ya ƙare ƙarshen Yunin 2024. Bullseye ita ce 11, nata wa'adin Agustan 2026 ne. Bookworm 12 ta fito a 2023, trixie 13 a 2025.

Labarin CentOS ne mai ɗaci, kuma ya shafi Najeriya sosai saboda shekaru da dama ita ce kamfanonin hayar saba ke ɗorawa idan ba ka zaɓi komai ba. Kwafin Red Hat ce ta kyauta, mai wa'adin shekara goma, kowa na son ta. A Disambar 2020 Red Hat ta sanar da sauya hanya. CentOS 8, wadda mutane suka ɗora da tunanin za ta kai su 2029, aka datse wa'adinta zuwa ƙarshen 2021. CentOS 7 aka bar ta ta ƙarasa, ta ƙare ranar 30 ga Yunin 2024. Wato wanda ke kan 8 ya riga wanda ke kan 7 shiga ruwa da shekara biyu da rabi, abin da hankali ba zai ba ka ba idan lambar kawai ka duba. Daga wannan rikici ne AlmaLinux da Rocky Linux suka fito a 2021 don cike gurbin.

Da muka samu muka shiga sabar Baba, bayan an sha wahalar neman kalmar sirrin a cikin wani tsohon littafin rasit, abin da allon ya nuna shi ne CentOS Linux release 7.9.2009. Baba ya sa tabarau ya duba ya ce, "2009? Kai ɗana, lokacin ko filin makarantar ban saya ba. Yaron nan tsohon kaya ya sayar min ke nan?" Na ce, "A'a Baba, kada ka ɗauki alhakinsa." Wannan 2009 ba shekara ba ce. Lamba biyun farko shekara ce, biyun ƙarshe wata: 2020, watan tara. Ita ce fitowar CentOS 7 ta ƙarshe, kuma lokacin da yaron ya ɗora ta zaɓi ne mai kyau. Laifin da zan ɗora masa ɗaya ne, bai gaya wa Baba cewa abin yana da ranar ƙarewa ba.

Akwai wata dabara da ke yawo a tsakanin masu gyara wadda ya kamata mai kuɗi ya sani. Bayan Yunin 2024 duk wanda ya nemi sabunta CentOS 7 da umarnin yum sai ya ga kuskure, saboda an rufe rumbun da take ɗauko faci. Sai wasu su juya ta zuwa wani rumbun ajiya mai suna vault, kuskuren ya ɓace, su ce maka an gyara. Ba a gyara komai ba. Wannan rumbu ma'ajiyar tarihi ce, abin da ke ciki ya tsaya cak a ranar da aka rufe, ba sabon faci da zai ƙara shiga. An dai kashe fitilar gargaɗin da ke gaban direba ne, injin yana nan yadda yake.

Idan Windows ce

Nan abin ya fi sauƙi, don akwai linzami da hoto. Ka danna maɓallin Windows tare da harafin R, ƙaramin akwati zai buɗe, ka rubuta:

winver

Taga za ta fito da sunan manhajar da lambarta. Idan kana son ƙarin bayani, ka buɗe baƙin allon Windows ka rubuta systeminfo, ka duba layin OS Name da OS Version. Zai ma nuna maka ranar da aka ɗora manhajar da jerin facin da aka sa. Nan ma akwai ɗan tarko: daga Windows Server 2016 zuwa sama duk suna kiran kansu 10.0, sai lambar da ke biye ce ke raba su. 14393 ita ce 2016, 17763 ita ce 2019, 20348 ita ce 2022, 26100 kuma 2025. Idan ka ga 6.3 da 9600, Server 2012 R2 ce, wadda wa'adinta ya ƙare ranar 10 ga Oktoban 2023. Idan 6.1 ce, 2008 R2 ke nan, ta ƙare tun Janairun 2020. Ta 2016 za ta ƙare a Janairun 2027, ta 2019 a 2029, ta 2022 a 2031.

Abu biyu nake yawan tararwa a ofisoshin mutanenmu. Na farko, abin da ake kira saba ba saba ba ce, kwamfutar tebur ce mai Windows 7 ko Windows 10 aka ajiye a kusurwa aka ɗora mata manhajar lissafi. Ba haramun ba ne, amma ka sani Windows 7 ta ƙare tun Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025. Na biyu, ka duba ko akwai kalmar Evaluation a jikin sunan. Wannan ta gwaji ce da Microsoft ke bayarwa kyauta na kwana 180. Idan kwanakin suka cika sai ta riƙa kashe kanta duk bayan awa ɗaya. Wani mai ofishin lodi sai da ya canja batiran inbata har sau biyu, yana ta zagin masu wuta, ashe wanda ya haɗa masa ne ya karɓi kuɗin lasisi ya ɗora ta gwaji.

To idan ba ka da makulli fa?

Wannan shi ne halin da yawancin masu kira na ke ciki: wanda ya haɗa ya ɓace da kalmar sirri. Ana iya leƙawa daga waje a sami alama. A kowace kwamfuta ta zamani za ka iya buɗe baƙin allo ka rubuta curl -I sannan adireshin shafinka. A cikin amsar akwai layin da ya fara da Server. Idan ba a ɓoye shi ba, za ka ga abu kamar Apache/2.4.6 tare da kalmar CentOS, wanda ke nuna CentOS 7. Apache/2.4.29 da Ubuntu na nuna 18.04, 2.4.41 na nuna 20.04, 2.4.52 na nuna 22.04. Microsoft-IIS/8.5 ta Server 2012 R2 ce, IIS/10.0 kuma daga 2016 zuwa sama. Sai dai sau da yawa kalma ɗaya za ka gani, nginx ko cloudflare, ba lamba, saboda an rufe bayanin ko kuma akwai wani kamfani a tsakaninka da sabar. Wanda ya rufe ya yi daidai. Ka lura da abin da wannan ke nufi kuma: idan kai ka iya karanta lambar daga waje da layi ɗaya, ɓarawo ma ya karanta.

Akwai manhajoji irin su nmap da ke lalube saba daga nesa su yi hasashen abin da ke kanta. Hasashe ne, suna kuskure. Kuma a kan sabarka kaɗai za ka gwada, ko wadda mai ita ya ba ka izini. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izininsa ba, kuma ba na ba matashi shawarar ya je ya gwada inda iyakar lalube da shiga take a gaban alƙali. Hanya mafi tsabta ita ce ka nemi rasit ɗin biyan haya, ka tuntuɓi kamfanin a matsayinka na mai biya, su taimaka maka ka karɓi makullinka. Idan da sunan yaron aka buɗe asusun ba da naka ba, to wannan ita ce matsalar da za ka fara warwarewa, tun kafin maganar manhaja.

Ga masu makaranta da asibiti da 'yan canji akwai wani nauyi na daban. Tun Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke kula da ita. Dokar ta ɗora wa wanda ya tara bayanan mutane alhakin tsare su, kuma idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, sai ya sanar da hukumar cikin awa 72. Ban ga yadda mutum zai kare kansa ba idan aka bincika aka ga manhajar sabarsa ta shekara biyu ba faci. Ko ba doka ma, ka yi tunanin lambobin wayar iyaye da sunayen 'ya'yansu da ajinsu a hannun ɗan damfara. Kira ɗaya zai yi ya ce daga makaranta ne, yaro ba lafiya, a turo kuɗi. A unguwanninmu da kowa ya san kowa, makarantar da aka yi haka da sunanta ba ta ƙara samun amana.

Idan ka duba ka ga wa'adi ya wuce, kada ka ce a gyara yau-yau. Gaggawa a nan ta fi jinkiri ɓarna. A fara kwafe komai a ajiye a wani wuri daban, a kuma gwada kwafin a tabbatar yana buɗewa. Ni na fi son a kama sabuwar saba, a ɗora sabuwar manhaja, a kwashe kaya a kai can, a gwada, sannan a rufe tsohuwar. Ana iya ɗaga tsohuwar a inda take, Ubuntu na da hanyar yin haka, AlmaLinux ma na da wani kayan aiki mai suna ELevate na fitar da mutum daga CentOS 7, amma idan abu ya karye a tsakiya ba ka da wurin komawa. Ka shirya wa ƙarin aiki kuma: shafin da aka rubuta shekaru bakwai ko takwas baya ba lallai ya tashi a kan sabuwar manhaja ba sai an taɓa shi, musamman wanda aka yi da tsohuwar PHP. Wanda ya gaya maka haka ba cutarka yake son yi ba.

Ta Baba mun bari sai da aka yi hutun zango. Muka koma AlmaLinux 9, wadda wa'adinta zai kai 2032. Shafin sakamako ya ƙi tashi kwana biyu, har Baba ya fara cewa da mun bar shi yadda yake, sannan aka gano layukan da ke jawo matsalar aka gyara. Asusun hayar ma an mayar da shi sunan makaranta. Da muka gama na ɗauko farar takarda na rubuta sunan kamfanin haya, sunan manhajar, lambarta, ranar ƙarewar wa'adinta da inda kwafin yake. Kalmar sirrin a wata takardar daban na rubuta ta. Baba ya ninke su ya sa a cikin jakar da yake ajiye takardun fili, sannan ya ce, "Ɗana, kwamfutar ofishin akawu fa, ita ma tana da irin wannan ranar?" Na je na danna winver. Windows 7 ce.